Sunan da Inna Batulu Ba Ta Faɗa

Duk Cadawa babu wanda ya tsani shagona kamar Inna Batulu. In ta biyo layinmu za ta kasuwa, sai ta ja mayafi ta kare fuska, ta tofar da yawu, ta ce gidan aljanu. Shagon kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne na laka mai rufin kwano, da tele guda, da na'urar wasa, da benci, da wani tsohon injin wuta a baya mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ni Ɗantala daga Gangara na zo na buɗe shi tare da ɗanta Ɗanbaba, shi ya sa take ganin ni na lalata mata yaro. Yaro wai! Mutum da gemunsa.

Wasan da ya fi tara mana jama'a na takobi ne. Wai wata duniya ce ta can gaba, mutane sun bar ƙasa sun gina biranen ƙarfe a sararin sama, wasu halittu masu jajayen idanu suna farautarsu, kai kuma ka fito da takobi mai walƙiya kana sara. Amma kafin ka shiga faɗa sai ka ƙera jaruminka da kanka. Ka zaɓa masa kai da hanci da ido, ka zaɓi launin fata da tufafi, ka raɗa masa suna. A nan samarin garinmu suke ɓata rabin lokacinsu. Wanda ƙafarsa ba ta fi sillen kara ba, shi ne zai yi wa nasa ƙirji kamar ƙofar rumbu, ya ɗora masa shuɗin gashi, ya sa masa suna Damisa.

Ɗanbaba bai daɗe a harkar ba ya ce shi Libiya za shi, kamar yadda rabin samarin yankin suka yi. Ya tafi ya bar ni da inji da tarinsa. Da farko yana kira, yana ba ni labarin ginin da suke yi, ni kuma ina kai wa Inna saƙo. In na je sai ta juya mini baya tana tankaɗe, ta ce, "To, na ji." Iyakarta ke nan.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Ɗanbaba ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci, shi ya sa ma ake ce masa Ɗanbaba. Kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ban taɓa jin ko laƙabin a bakinta ba, sai "wancan", in da ni take magana kuma "mutumin naka". In za ta miƙa masa kwano, bango take kallo. Ni dai abin yana ba ni haushi, don tawa uwar ba ta yi tsawon rai ba, ina ganin wanda ke da uwa a raye ai a bar shi ya ga haƙoranta.

Sai ga yaƙi ya ɓarke a Libiya, daidai lokacin da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula a nan, ana ta hidimar zagaye na biyu na zaɓe. Wayar Ɗanbaba ta daina shiga. Rediyo kullum labari ɗaya: ana kama baƙaƙen fata ana cewa sojan haya ne, waɗanda suka tsira kuma suna kwararowa ta hamada, ana zube su a Agadas ba takalmi ba ko kwabo. Wasu ƴan garinmu sun iso. Duk wanda na tara da tambaya sai ya girgiza kai.

Ranar da nake ba ku labari, wata jam'iyya ta kira babban mitin a Agiye, aka turo manyan motoci aka kwashe gari kaf. Maza da mata, har mai sayar mini da esansi, man da nake zuba wa inji, ya kulle teburinsa ya bi. Ina zaune ni kaɗai ina korar ƙuda, sai na ga inuwa a ƙofa. Na ɗaga kai, wallahi sai da na murza ido. Inna Batulu ce a ƙofar gidan aljanu, bayanta Inusa direba, mai babbar motar da ke kai hatsi Agadas.

"Lafiya, Inna?"

Inusa ne ya yi bayani. Ya gama lodi, yanzu zai kama hanya. Inna ta tare shi ta roƙe shi ya duba mata a cikin waɗanda aka zube a tashar Agadas. Shi kuma bai san Ɗanbaba sosai ba, ya ce a ba shi hoto ya riƙa nunawa. Hoto ɗaya ne a gidan, na bikin ƙanwarsa Saliha, gara ta cinye shi ta bar ƙafafu. Saliha tana Gidan Rumji gidan miji, wayarsu ba ta shiga.

Sai Inna ta yi magana, idonta a ƙasa. "An ce akwatin naku na yin mutum."

"Yana yi, Inna."

"To ka yi mini mutumin naka."

Haba, ai sai na ji kaina ya yi girma. Yau ga Inna Batulu tana neman alfarma wajen aljanu! Na so in ɗan ja mata rai, amma da na ga yadda take murza bakin mayafinta sai na haɗiye. Na zagaya baya na girgiza inji, na ji ɗan esansin da ya rage yana motsi can ƙasa, na ja igiya ya tashi da tari. Ita kuwa ta kakkaɓe benci, ta yi bisimilla, ta ɗosana a can gefe kamar wadda za ta gudu.

Na ɗauki manet, abin da ake dannawa a sarrafa wasan, na shiga wurin ƙera jarumi. Ni da muke cin kwano ɗaya da mutum, wa zai koya mini fuskarsa? Nan da nan na zaɓi baƙar fata, na aske shuɗin gashi, na sa ɗan gemu, na ja baya ina murmushi. Inusa ya ce, "Kai, kamar na taɓa ganin wannan."

Inna ta leƙo ta gefen mayafi. "Ka taɓa ganinshi mana. Ai mai gyaran keke na bakin tasha ne."

"Haba Inna!"

"Goshin nan na wa ne? Ka rage shi."

Na rage.

"Ka ƙara ragewa. Hancin ma ba haka yake ba. Ka ba shi na ubanshi, shi kuwa ba na ubanshi ya ɗauko ba, nawa ne."

Tana faɗa ta kama baki, ta kau da kai. Inusa ya yi kamar yana duba farcensa. Ni ma na yi kamar ban ji ba, na dubi hancinta a sace na daidaita na jikin tele da shi. Fuskar ta ɗan motsa, wani abu ya fara leƙowa daga cikinta.

Daga nan ta manta da mayafin. Ta matso tsakiyar benci, can kuma ta miƙe ta tsaya gaban tele har tana tare mini. Ido ya yi girma, a rage. Na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta, amma kaɗan, kar in maida shi mai hakiya. Leɓen ƙasa ya fi na sama kauri. Gemun ba ya haɗuwa a nan wajen, akwai ɗan fili. Tana faɗa tana taɓa gilashin da yatsa, ni kuma ina danne-danne ina gumi.

"Kunnen dama," ta ce, "samanshi a naɗe yake."

"Inna, ni ban taɓa ganin wani naɗaɗɗen kunne ba."

"Kai mi kake gani in ba akwati ba? A naɗe yake. Ta nan yake kwantar da kai in an goya shi, ko an juya shi sai ya koma."

Ba ta ce "in na goya shi" ba. An goya shi, kamar wata ce can a maƙwabta. Na binciko cikin kunnuwan da Turawa suka zuba a wasan, har da masu tsini irin na jaki, na samo wani mai ɗan lanƙwasa. Ta ce da dama-dama.

Bille ne ya ba mu wahala. Ɗanbaba yana da bille a kumatu, wannan kam na sani. Amma masu wasan nan ina suka san wanzami? Tabon sara kawai suka tanada, wani daga goshi har haɓa, wani ya raba hanci biyu. Na sa na farko, Inna ta ja da baya tana salati.

"Cire! Cire mishi wanga abu! Fata kake yi mishi?"

Na cire da sauri. Na samo mafi ƙanƙanta, na matse shi, na juya shi, na kai shi kumatun dama. Ta ce hagu ne. Na ce dama ne, na rantse. Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga gonar mutane, na maida shi hagu. Wallahi ina maidawa na ga nan ne wurinsa.

"Ƙarshenshi ya ɗan karkace," ta ce. "Atishawa ya yi wanzami na cikin aiki."

Inusa ya kasa haƙuri. "Inna, ke da kike ɗaki ranar suna kin rufe kai, yaya aka yi kika gani?"

"Asabarin na da huda," ta ce.

Ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba. Matar nan da nake jin haushinta, da nake cewa ba ta taɓa duban ɗanta ba, ashe tun ranar sunansa take dubansa ta huda. Tausayinta ya kama ni. Na karkata ƙarshen tabon kaɗan. Sai ga Ɗanbaba cikin tele yana kallonmu, yana numfashi a hankali yadda jaruman wasan suke yi, har da ƙifta ido. Inji a baya yana ta tari.

Na danna gaba, sai na'ura ta yi abin da ta saba. Ta zuba masa sulken ƙarfe daga wuya har ƙafa, ta rataya masa takobi mai walƙiya a baya.

"Inna lillahi! Mi na gani haka?" Inna ta dafe ƙirji. "Ana kashe mutane a kan an ce soja ne, kai kuma ka sa mishi kayan yaƙi a je ana nunawa? Tuɓe mishi!"

Gaskiyarta. Na tuɓe sulken, na samo wata riga mara ado mai kama da ta makanikai. Amma takobin ya ƙi fita, don wasan bai yarda mutum ya fito hannu sake ba.

"Ba su da hauya?" ta ce.

"Inna, a sama suke zaune, ba su noma."

"Shi ya sa suke faɗa."

Na jawo fuskar kusa har ta cika tele, amma ƙotar takobin tana nan tana leƙowa ta bayan kafaɗa. Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin ta rufe ƙotar. Ta ce wa Inusa, "Ɗauka haka."

Inusa ya fiddo sabuwar wayarsa, irin ta China mai ƙara kamar lasifikar masallaci, wadda bai gama sanin kanta ba. Yana lalubar wurin hoto, ni kuma na shiga rubuta suna a ƙasan fuskar. Na sa harafin farko na Ɗanbaba, sai ya ce, "Tsaya. Wannan ba zai yi ba. Can da sunan takarda ake kiran mutane, wanda ke jikin katinsu. Ɗanbaba ai kowane gari akwai goma. Mene ne sunansa na yanka?"

Sai a lokacin na gane ban sani ba. Ku yi mini dariya in kun so, amma wa ke tambayar abokinsa sunan yanka? Ɗanbaba na tarar ana ce masa, Ɗanbaba nake ce masa. Uban ya rasu tun kafin in zo garin. Baffansa da ƴan uwa da duk tsofaffin da za su sani suna can Agiye suna tafi a rana. Muka juya ni da Inusa muka dubi Inna.

Ta sunkuyar da kai, hannunta yana nan a kan takobin. "Sunan annabi ne."

"Musa?" na ce. Ta girgiza kai. "Isa? Haruna? Yusufa? Ibrahim?"

"Ko dai sunana ne?" in ji Inusa.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce.

Na jero Dauda da Sulaimanu, na jero Yakuba da Zakari da Nuhu da Ayuba, har Adamu na koma. Tana ta girgiza kai. Karatun allon da na yi ya gudu ya bar ni. Inji ya yi wani dogon tari, hoton ya dushe ya dawo. In ya mutu yanzu fuskar ta tafi, don na'urar ba ta ajiye jarumin da ba shi da suna, kuma babu ɗigon esansi a garin sai mutane sun dawo. Inusa ya ɗaga waya ya saita, yana mita wai ya danna amma ba ta yi ƙyas ba, ga rana tana yi, shi fa ba zai kwana a Cadawa ba.

Raina ya ɓaci. Na san bai kamata ba, amma bakina ba ya shawara da ni.

"Inna, don girman Allah! Mutumin nan yana can, ba mu san ko ya ci ko bai ci ba. Surukinki yana kabari, ba zai ji ba. Kunya kike so ko ɗanki?"

Na jira zagi, na ma shirya karɓar mari. Ba ta dube ni ba. Fuskar da ke cikin tele take kallo, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ta yi da mai fuskar ba.

"Ilyasu," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Jarumin ya ƙifta ido. Sai ta ƙara faɗa, wannan karon ba mu take gaya wa ba. Da ɗan ja a ƙarshe, yadda uwa ke kiran yaro ya shigo gida.

"Ilyasu."

Na rubuta, na danna ajiya. Ko numfashi ban gama saukewa ba inji ya yi tarin ƙarshe ya mutu, tele ta yi baƙi. Inusa ya duba waya ya ce fuska ta fito, ya zura ta aljihu ya fita da sauri. Inna ta janye hannunta daga gilashin, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ba ku ji komai ba," ta ce, ta tafi.

Aka yi zaɓe aka gama, aka yi ta murna da gardama a bakin tasha, ni dai kunnena yana kan hanyar arewa. Inna ba ta sake zuwa shago ba, ni ma ban iya zuwa gidanta ba. Har wata rana da hantsi na ji hon ɗin motar Inusa tun daga nesa, yana dannawa ba ƙaƙƙautawa kamar mai rakiyar amarya. Na fito da gudu ba takalmi. Wani ramammen mutum ya sauko daga gaban motar yana dafa ƙofa, gemu ya cinye masa fuska. Abin da na fara dubawa kunnen dama ne. A naɗe yake, wallahi, a naɗe.

Inusa ne ya ba ni labarin. Da ya isa tashar Agadas ya fiddo waya zai nuna hoto, sai ya ga hoton yana motsi. Ashe ba hoto ya danna ba, bidiyo ya ɗauka, shi ya sa ba ta yi ƙyas ba. Mutane suka taru suna dariya, wai an zo neman ɗan aljanu. Can wani ya ƙura ido ya ce, mai naɗaɗɗen kunne da karkataccen bille? Ai yana bayan tasha kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, an ƙwace masa waya da takardu tun a hanya. Inusa ya je ya same shi a gindin bango ya miƙa masa wayar. Ɗanbaba ya ga fuskarsa, ya fara dariya da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ga hannu a kan gilashi, ya gane hannun, dariyar ta tsaya. Sai ga muryata ina zazzaga rashin kunya, sai shiru, sai muryarta.

"Abu ɗaya ya roƙa," in ji Inusa. "Ya ce in ƙara sa masa. Daga Agadas har nan, batirina bai huta ba."

Muka raka shi gida, rabin unguwa na biye da mu. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ji hayaniya, ta ji sallamarsa, na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta juyo ba. Ta ce wa maƙwabciyarta Larai, "An iso? A ba shi ruwa." Ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa gefen ƙwarya ba ta sani ba. Da can da na yi tsaki. Ran nan kuwa fita na yi waje na share idona da hular kaina.

Da ya ɗan murmure ya dawo shago. Na tayar da inji na buɗe masa jarumin, ga suna a ƙasa. Samari suka ce a ba su shi su shiga faɗa da shi, na ce duk wanda ya taɓa wannan sai na karya masa yatsa. Shi kuwa Ɗanbaba ko manet bai ɗauka ba. Ya sa an tura masa bidiyon a wata tsohuwar waya da Saliha ta aiko masa, ya zauna a bakin ƙofa ya rage ƙara, ya manna ta a naɗaɗɗen kunnen.

Yana haka sai ga Inna ta biyo layi daga kasuwa. Ta ja mayafi ta kare fuska kamar kullum, amma ba ta tofar da yawu ba. Ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon bangon maƙwabta.

"Ɗantala, ka ce wa mutumin naka tuwo na hucewa."

Kafin in buɗe baki, daga cikin wayar muryarta ta fito, siririya, ta kai wurin kira na biyu mai ɗan ja a ƙarshe. Layin babu hayaniya, na san ta ji. Ɗanbaba ya ɗago kai ya dubi bayanta.

"Na'am, Inna," ya ce.

Ta ɗan tsaya. Sannan ta gyara ƙwaryar da ke kanta ta yi gaba, shi kuma ya miƙe ya sa takalmi ya bi ta.